Jar Safar Don Moncho

Akwai wani matashi a garinmu Yauco mai suna Yariel Quiñones. In kun taɓa zama a filin ƙwallon kwando na bayan kasuwa a shekarun baya, to kun gan shi, ko dai in ce kun ga wucewarsa.

Ba dogo ba ne. Cikin 'yan wasa biyar shi ne gajere, don haka aikinsa raba ƙwallo: ya ɗauko ta daga baya, ya kawo ta gaba, ya miƙa wa wanda ya dace. Sai dai Yariel bai cika miƙa wa kowa ba. Da ya karkata kafaɗa ya fizga ta dama, kafin mai tsaronsa ya waiwaya ƙwallo ta faɗa raga. Shi ya sa aka laƙaba masa suna Walƙiya.

Mahaifiyarsa, Doña Nilsa, tana suyar alcapurria, wato curin ɗanyar ayaba mai nama a ciki, a bakin filin nan tun kafin a haife shi. Hannuwanta duk tabon mai ne. Duk ranar da ya ci wasa sai ya zo ya rungume ta da guminsa, ya ce, "Mami, kin kusa ajiye kaskon nan. Bari dai in shiga jami'a, manyan kulob su gan ni."

Ita kuwa sai ta ture shi tana dariya. "Tafi can, kana ta wari. Ajiye kaskon zan yi in ci me, raga?"

Amma a ranta ta yarda da shi. Mu ma duk mun yarda.

Wanda ya koya wa yaran unguwar ƙwallo shi ne Don Moncho, tsohon direban motar makaranta. Yana da wata al'ada da babu yaron da ke sonta. Duk safiyar Asabar sai ya zaro wata doguwar safa ja daga aljihu, ya ɗaure wa mai raba ƙwallo hannun dama a baya, ya ce a yi wasan awa guda da hagu kaɗai.

Abin ba kyan gani. Ƙwallo ta bugi ƙafa, ta bugi gwiwa, ta gangara kwata, masu kallo su yi ta ƙyaƙyata dariya.

Yariel ya jure har ya kai shekara goma sha huɗu. Wata Asabar 'yan mata suka tsaya a bakin wayar shingen filin suna kallo, ƙwallo ta kuɓuce masa sau uku a jere, ɗayarsu ta tuntsire da dariya. Nan take ya warware safar ya yar a ƙasa.

"Don Moncho, ni fa ba akuya ba ne da za a riƙa ɗaure ni. Wa ya taɓa tare ni ta dama a garin nan?"

Tsohon ya sunkuya ya ɗauki safarsa ya kaɗe. "A garin nan babu, ɗana."

"To shi ke nan."

"Ba shi ke nan ba. Garin nan ba shi ne duniya ba."

Yariel bai tsaya jin ƙarshen maganar ba. Daga ranar aka koma ɗaura safar a hannun Obed Santana, wani abokinsa mai sanyin jiki, wanda ba shi da gudu, ba shi da tsalle, ba shi da suna. Shekara huɗu Obed yana zuwa duk Asabar ana ɗaure shi ana yi masa dariya. A wasannin sakandare kuwa benci yake ɗumamawa, yana kallon Yariel na zuba maki talatin-talatin.

Da suka gama sakandare, wata jami'a a San Juan, babban birninmu, ta ɗauki Yariel da cikakken tallafi: karatu, ɗaki, abinci, duk saboda ƙwallo. Obed ma ya shiga jami'ar da takardunsa, ya je gwaji da ƙafarsa, aka ɗauke shi a matsayin na goma sha biyu, wato na ƙarshe.

Wasa uku na farko Walƙiya ya yi abin da ya saba. A na huɗu sai abu ya canza. Mai tsaronsa ya tsaya masa a dama kamar an dasa shi, ya bar masa hagu a buɗe. Na biyar ma haka. Na shida ma haka. Makinsa ya sauko daga ashirin zuwa takwas, daga takwas zuwa huɗu.

Abin da bai sani ba shi ne a jami'a ba a zuwa wasa da ka. Kowace ƙungiya tana zama ta kalli bidiyon abokan karawarta, ta tsayar, ta maimaita, har ta san da wace ƙafa kake fara taku.

Kocinsu, wani mutum marar yawan magana mai suna Irizarry, ya kira shi ofis ya kunna masa bidiyon.

"Quiñones, ƙirga da ni. Sau arba'in da ɗaya ka bi dama. Sau biyu ka bi hagu, kuma duka biyun ƙwallo ta kuɓuce maka. In ni na gani, kana tsammanin su makafi ne?"

"Koci, rashin sa'a ce kawai. Kuma abokan wasan ba sa buɗa mini hanya."

"Ba sa'a muke tattaunawa ba. Ga hutu nan na wata uku. Ka dawo mini da hannu biyu. In ka dawo da ɗaya, gurbinka na wani ne, kuma ka san tallafin da gurbin tare suke tafiya."

Yariel ya fito ransa a ɓace. A bakin ƙofa ya tarar da Obed yana ɗaure takalmi.

"Yari, in mun koma gida mu riƙa fita da sassafe. Ni zan tsare ka ta dama, kai ka yi ta bin hagu. Babu mai kallo a lokacin."

Da wani ne ya faɗa, wataƙila ya ji. Amma Obed? Wanda ya shekara huɗu yana miƙa masa tawul?

"Kai ne za ka koya mini ƙwallo? Dalla malam, riƙe bencinka da kyau kar wani ya ƙwace."

Obed ya ƙarasa ɗaure takalminsa.

To, kun san yadda hutu yake a garinmu. Gasar unguwanni, kiɗa, ganguna, mai lasifika yana kiran sunan kowa da kirari. Da Yariel ya shigo fili aka ɗauki ihu, "Walƙiya ya dawo gida." Masu tsaronsa kuwa makanikai ne da masu aski, babu wanda ya taɓa kallon bidiyon kowa. Ya bi dama ya ci, ya sake bi ya ci. Wata uku yana shan tafi, har ya tabbatar wa kansa cewa matsalar ta koci ce.

Sau ɗaya ya gwada hagun, shi kaɗai a bayan gida. Ƙwallo ta bugi ƙafarsa ta fasa wa Doña Nilsa tukunyar fure. Kunya ta kama shi ko da yake babu wanda ya gani, ya ce gobe ya ci gaba. Goben ba ta zo ba.

Don Moncho yana zaune a kujerarsa ta roba a duk wasannin nan. Bai tafa ba ko sau ɗaya. Yariel ya riƙa zagayewa ta ɗaya ƙofar don kada su haɗa ido.

Aka koma jami'a. A shekara ta biyu mintocinsa suka fara raguwa, na Obed suka fara ƙaruwa. Obed har yanzu ba shi da gudu, amma ba ka san ta inda zai bi ba, kuma ƙwallo ba ta ɓata a hannunsa.

Sai ga wasan kusa da na ƙarshe, wanda wakilan manyan kulob ke zuwa kallo da littattafansu kafin zaɓen sababbin 'yan wasa. Doña Nilsa ta rufe kasko a karon farko cikin shekaru, ta sa rigarta ta zuwa coci, ta shiga mota zuwa San Juan.

Saura daƙiƙa goma sha ɗaya a tashi, abokan karawa sun fi su da maki ɗaya. Alƙalin wasa ya riga ya fitar da Obed saboda laifinsa ya kai biyar. Koci Irizarry ya duba benci, ya ja dogon numfashi, ya ce, "Quiñones, shiga."

Wani daɗi ya kama Yariel. Ga ranar da ya yi wa mahaifiyarsa alkawari.

Aka ba shi ƙwallo a tsakiyar fili. Mai tsaronsa, wani siriri mai haƙorin gwal, ya matso ya toshe dama gaba ɗaya. Har ya miƙa hannu ya nuna masa hagu, kamar mai nuna wa baƙo kujera.

"Ga hanya nan, maigida. Wuce mana. Kyauta ce."

Hanyar kuwa a buɗe take har ƙarƙashin raga. Taku huɗu ne. Yaron da ya sha ɗaurin Don Moncho zai yi su ido a rufe.

Yariel ya yi yunƙurin dama, babu. Ya sake, babu. Daƙiƙa biyar. Ya mayar da ƙwallo hagu, ya buga ta da ƙasa sau ɗaya, a na biyu ta bugi gwiwarsa ta gangara waje, ta tsaya daidai ƙafar ɗaya daga cikin wakilan.

Mutumin ya ɗauka ya miƙa wa alƙali, ya rubuta layi ɗaya a littafinsa, ya rufe.

Bayan sati biyu aka sanar da Yariel ba za a sabunta masa tallafi ba. Karatun ma ya tsaya, don da ma ƙwallon ce ke riƙe da shi. Shekara biyu yana yawon gwaji daga kulob zuwa kulob, a garuruwan Ponce, Arecibo da Mayagüez. Ko'ina minti goma ya isa. Wani koci ma bai bari ya canza riga ba, ya ce, "Kai ne na Yauco mai hannu ɗaya? Mun ga bidiyonka."

Obed kuwa wani kulob ya zaɓe shi bayan ya gama digiri. Ba tauraro ba ne, minti goma sha biyu yake bugawa a wasa. Amma sunansa na bayan riga, kuma da ƙwallon yake ci.

Yariel ya dawo gida yana da shekara ashirin da uku. Ƙafafun Doña Nilsa sun fara kumbura, ba ta iya doguwar tsayuwa, don haka shi ya karɓi kaskon. Ta ajiye shi kamar yadda ya yi mata alkawari, sai dai ba ta hanyar da suka zata ba. Ba ta taɓa yi masa gori ba, kuma wannan ya fi gorin ciwo.

Wata safiyar Asabar, kafin ya hura wuta, ya shiga filin. Don Moncho na zaune a kujerarsa, ya tsufa ƙwarai, sanda a gefensa. Yariel ya tsaya a gabansa, ya juya baya, ya kai hannun dama bayansa.

"Don Moncho, ɗaure ni."

Tsohon ya dafa sanda ya miƙe. Sannan ya laluba aljihu ya zaro safar. Ta koɗe, jan ya koma ruwan ƙasa. Ya ɗaure masa hannun da ita.

Yariel ya fara bugawa da hagu. Ɗaya, biyu, uku, ƙwallo ta bugi ƙafa ta gangara kwata. Ya ɗauko ya sake. Ta sake gudu. Ya yi ta yi har rigarsa ta jiƙe, sannan ya dawo yana haki.

"Faɗa mini gaskiya. In na yi shekara biyu a haka, kullum, ba fashi, za su sake duba ni?"

Don Moncho ya kama hannun hagun ya juya shi yana dubawa, kamar mai duba ɗanyen mangwaro.

"Hannun nan yana nan inda ka bar shi, ɗana. Shekararsa goma sha huɗu. Kai kuma ashirin da uku. Kafin ya girma ya kamo ka, kulob sun ɗauki waɗanda yanzu suke aji ɗaya."

"To me ya sa ka ɗaure ni?"

"Saboda ka roƙa. Shekara tara nake yawo da ita a aljihu ina jiran ka roƙa."

Yariel bai yi kuka a gabansa ba. Ya juya aka kwance shi, ya ce na gode, ya fita ya hura wutarsa. Har yau yana nan a bakin filin. In kun je ku saya, suyarsa da daɗi, amma kada ku kira shi Walƙiya, ba ya amsawa.

Darasi: Baiwar da ta sa ka fi kowa a unguwarku ba lallai ta kai ka ko'ina a gaba ba, domin can akwai masu zaman nazarin inda kake da rauni. Gyara rauninka tun ana yi maka dariya a gida, kada ka bari sai ranar da za a rufe littafi a kanka. Kuma kada girman kai ya hana ka karɓar gyara daga wanda kake gani a ƙasa da kai. Ku tura wa duk wani matashi da ake yi wa tafi yanzu, wataƙila shi lokacinsa bai ƙure ba tukuna.