Randar Tsahara

Ku gyara zama. Wannan labarin na gardama ne, kuma in ya kai ƙarshe ku za ku yanke hukunci.

A wani ƙauyen Maguzawa da ke gindin dutse an yi wani tsoho mai suna Korau. Wajen noma dai ba a cika yabonsa ba, amma Allah ya ba shi harshe. Duk bikin da aka yi, ba a taɓa randar burkutu sai an miƙa masa ƙoƙon farko. Yakan duba launi, ya shinshina, ya kurɓa ya riƙe a baki, ya haɗiye, sannan ya yi shiru yana jiran abin da zai biyo baya a maƙogwaro. Daga nan sai ya faɗi gonar da dawar ta fito, da ko mai dafawar ta yi garaje. Mata da yawa sun koma gida suna tsine wa harshen nan.

Giyar mutum ɗaya ce bai taɓa kushewa ba, ta matarsa Tsahara. Ita tsiron hatsi iri uku take haɗawa: kaura, da maiwa, da wata jar dawa da ta zo da irinta daga garinsu. Tana dafawa ta juye a randar da aka kawo ta da ita ranar aure. Shekara arba'in suna tare, suna faɗa kan zabinsa da ya ƙi killacewa, suna shiryawa.

Da Tsahara ta rasu, ƙwari suka cinye ɗan irin jar dawar da ta bari, Korau kuma ya daina cin abinci. Sai ya wuni a gefen randar yana shafa bakinta. Kewa ta cinye shi har ƙasusuwan wuyansa suka fito. 'Ya'yansa mata uku suka taru a kansa, ya ce musu, "Ba maye nake nema ba. So nake in ji uwarku a bakina sau ɗaya. Wadda ta dawo mini da ɗanɗanon nan, randar tata ce. In ba haka ba, ku bar ni in bi ta."

Babbar, Yada, ta ɗaura zane ta kama hanyar garin uwarsu, tafiyar kwana huɗu a ƙasa. Ta tarar mutanen duk sun koma shuka sabon iri mai saurin nuna. Ta bi gida gida har ta samu wata tsohuwa da ke da dami biyu na jar dawar a ƙasan rumbu. Tsohuwar ta ce ba ta sayarwa, sai dai a taya ta girbi. Yada ta yi mako biyu tana yanke wa tsohuwar dawa, ta dawo da dami ɗaya a ka da faso a ƙafa.

Ta tsakiya, Tabawa, ita ce tun tana yarinya take riƙe wa uwarsu mudu, ita kaɗai ta san awon: uku na kaura, biyu na jar dawa, ɗaya na maiwa. Ta jiƙa, ta rufe da ganye har ya tsiro, ta shanya a rana, ta niƙa, ta kwana biyu tana fama da wuta har hannunta ya sale. Aka kai wa Korau. Ya kurɓa, ya jira, ya ajiye ƙoƙon. "An zo bakin ƙofa," in ji shi, "amma ba a shiga ba." Ta sake, ya sake ajiyewa. Jar dawar da ta rage ta dahuwa ɗaya ce tak, shi kuma ya kai ba ya iya tashi sai an ɗaga shi.

Autar, Kyauta, ta musulunta ta yi aure a birni, shekara bakwai giya ba ta taɓa leɓenta ba, kuma ta ce ba za ta taɓa ba. Amma hancin ubanta ta gado. Ta shinshina ƙoƙon da ya ajiye, ta shiga ɗakin uwarsu ta ɗauko wani tsohon zanenta ta kai hanci, ta daɗe a tsaye tana hawaye. Ta fito ta ce wa Tabawa, Korau yana ji, "Yaya, hayaƙi ne babu. Inna ba a rana take shanya tsiro ba. Zabin Baba ne suka hana ta, sai ta riƙa baza shi kan asabari bisa murhu, tana hura itacen ƙirya a ƙasa. Ƙanshin na nan a zanenta."

Tabawa ta yi yadda aka ce da ragowar dawar Yada. Ranar da giyar ta nuna, da hantsi, aka jingina tsohon da bango aka ba shi. Ya kurɓa, ya haɗiye, ya rufe ido. Zaƙin kaura ya wuce, ɗan tsamin maiwa ya wuce, sai ga hayaƙin nan ya taso a hankali daga baya, ya zauna.  Da ya buɗe ido ya ce, "Ita ce. Shekara arba'in ina yabon hannunta, ashe har da taurin kaina take dafawa, ba ta taɓa gaya mini ba." Ya share fuska, ya ce a kawo masa tuwo.

Korau ya tashi, amma ga alkawari a wuyansa, randa kuma ɗaya ce, in an raba ta ta zama tsingaro. Ba don ƙafar Yada ba, da babu abin dafawa. Ba don hannun Tabawa ba, da dawar tana nan dawa. Ba don hancin Kyauta ba, da an ƙarar da ita a banza an binne tsohon, ga shi kuma ita ko an ba ta randar, ruwa za ta zuba a ciki. Mutumin da ya yi rayuwarsa yana yanke hukunci da kurɓi ɗaya, ya kasa yanke wannan.

To, ku da kuka ji, a cikin ukun nan wace ce ta dawo masa da Tsahara, kuma ɗakin wa za a kai randar?