Allurar da Ta Narke Kafin Ta Shiga

Akwai wani masanin haɗa magani a Durban, Dakta Mandlenkosi Shange, wanda ofishinsa yake jikin nawa lokacin da nake koyarwa. Tun yana ɗalibi nake yaba kaifin kansa. Wataƙila na yabe shi fiye da kima.

Shekara takwas ya yi a kan abu ɗaya, ko tara, lissafin ya kuɓuce mini. Wata 'yar filasta ce, faɗinta bai wuce farcen babban yatsa ba, a jikinta ƙananan allurai wajen ɗari waɗanda ido bai cika gani ba. Ba da ƙarfe ake yin su ba. Wani irin sukari ake damawa da magani, a zuba a mazubi, ya bushe ya yi tsini. In an danna a damtse sai su huda saman fata, danshin jiki ya narkar da su, maganin ya yi ta bin jiki har mako guda. Ba jini, ba zafi.

Maganin da ya sa a ciki na masu taɓin hankali ne, waɗanda suke zuwa asibiti duk wata a soka musu babbar allura. Ya gwada a fatar alade da aka goge da sifirit, ya gwada a hannun ɗalibansa, komai ya tafi daidai.

Sai aka kai gwajin wani ƙaramin asibiti a kudancin gari, da majinyata arba'in. Na farkon da ya ɗaga hannu shi ne Baba Khuzwayo, mai gyaran takalma a tashar mota. Shekara goma sha ɗaya ciwonsa bai tashi ba. Ya ce ya gaji da sauke wando a gaban ma'aikatan asibiti sa'annin 'ya'yansa, a ba shi ta damtse.

Wata biyu nas ɗin wurin, Sista Thembeka Zondi, ita take goge musu fata ta manna da hannunta. Daga nan aka shirya ba kowa kwalinsa ya riƙa mannawa a gida. Takardar bayani ta ce a manna a fata mai tsabta. Da Sista ta karanta, sai ta tare Dakta a bakin motarsa.

"Dakta, a wajenmu fata mai tsabta ita ce wadda aka wanke aka shafa wa mai. Wa ka taɓa gani ya fito da hannu fururu? Kai ma uwarka ba ta bar ka ka tafi makaranta haka ba."

Ya yi dariya ya ce, "Sista, ki bar mini sukarina, in bar miki ma'aunin zafinki."

Ta roƙe shi ya shafa man gilisarin a fatar aladen nan ya gwada ko sau ɗaya. Ya ce sauya kalma ɗaya a takarda sai an koma gaban kwamiti, wata uku ke nan, ga wasu masana a wata ƙasa suna gab da su riga shi. Ya kuma hana a gaya wa majinyata abin da ba ya cikin takarda.

Duk da haka ta raɗa wa waɗanda ta samu. Amma ranar da matar Baba Khuzwayo, MaShezi, ta zo karɓar kwalinsa, Sista tana wajen jana'izar ƙanwarta.

Kowace Lahadi, in ya yi wankan zuwa coci, MaShezi takan shafe masa hannuwa da gilisarin da kafur har su yi sheƙi, kamar yadda ta saba tun aurensu. Sannan ta danna filastar, ta riƙe da yatsa tsawon lokacin da aka ce.

A mako na huɗu aka ɗebi jininsa. Sakamakon ya nuna kusan babu magani a jikinsa. Takardar sakamakon ta yi kwana goma sha biyu a kan tebur, saboda Dakta yana ƙasar waje yana jawabi a kan allurarsa.

Baba Khuzwayo ya daina barci. Ya fara amsa wa yayansa da ya daɗe da rasuwa. Wata safiya ya bar kayan aikinsa a tasha ya shige gonar rake, yana cewa ana bin sa. Kwana uku ana nema. A rana ta huɗu masu gonar suka sa wa raken wuta, kamar yadda ake yi kafin yanka. Ba su san da mutum a ciki ba.

Da Dakta ya dawo, ina tsaye ya yi gwajin da Sista ta roƙa. Ya shafa mai a fatar alade, ya danna, ya sa a madubin ƙara girma. Man ya janyo danshi, alluran duk sun kwanta a saman fata kamar ciyawar da aka taka. Ko awa ɗaya aikin bai ci ba.

Aka dakatar da gwajin, aka raba shi da aikinsa. Mutum shida ne ciwonsu ya tashi, in ban manta ba. Sauran biyar an kwantar da su sun farfaɗo.

Ni na raka Dakta gaisuwar rasuwar Baba Khuzwayo. MaShezi tana zaune a kan katifa a ƙasa, an lulluɓe ta da bargo. Ta ɗaga kai ta dube shi.

"Ɗana, ni ban yi karatu ba. Ko Lahadi ɗaya ban tsallake ba. Faɗa mini gaskiya, ni na kashe shi?"

Ya durƙusa a gabanta.

"A'a, Mama. An gaya mini, ni ne ban saurara ba."

"An gaya maka?" in ji ta.

Ta ja bargon ta rufe fuskarta, muka fita.

Darasi: Iliminka komai zurfinsa bai kai ko'ina ba. Wanda ya daɗe yana zaune da mutane ya san abin da ba ya cikin littafinka, kuma in ka raina maganarsa, sau da yawa wani bawan Allah ne zai ɗanɗana kuɗarsa, ba kai ba. Ku tura wa duk wanda rayuwar wasu take hannunsa.