Shawarar da Ta Raba Nadabo da Ƙungiyarsa

An yi wani bawan Allah a wani gari, tun zamanin da ƙwallo take sabuwar shiga ƙauyuka, ana ce masa Nadabo. Na ga samarin can baya sun gyara zama da jin an ce ƙwallo. To madalla, ku matso. Ai na san ku, ku ne masu zaɓen 'yan wasan Turai a cikin waya, kowa yana kare tasa da tafin hannu kada abokinsa ya hango wanda ya ɗauka. Labarin nan naku ne, amma dattawa ma ban yarda ku yi mini gyangyaɗi ba.

Shi Nadabo facin keke yake yi a bakin kasuwa. Ba shi da gona mai girma, ba shi da sarauta, Allah kuma bai ba shi haihuwa ba. Abin da yake da shi a duniya ƙungiyar ƙwallo ce da ya kafa da hannunsa, shi yake koyar da yaran, shi yake ɗinke ƙwallon idan ta fashe. Idan ya ce "yarana", kowa ya san su wa yake nufi.

A garin nan akwai wata al'ada. Da can unguwa da unguwa ake karawa, sai wasa ya riƙa komawa faɗa, har aka fasa wa wani kai. Manyan gari suka ce daga yau babu ƙungiyar unguwa. Duk shekara idan an kai amfanin gona gida, a tara samarin gari wuri ɗaya, masu ƙungiyoyi su ja tsinke. Wanda ya jawo mafi tsawo shi zai fara zaɓar ɗan wasa, sai mai bi masa, a yi ta zagayawa har a rabe su kaf. Ana jan tsinke wannan Juma'ar, a yi zaɓe Juma'a mai zuwa.

To, ƙungiyar Nadabo ta daɗe ba ta ɗauki kofi ba. Akwai wani mahauci, Maikano, shi yake saya musu riguna, shi ne kuma mai faɗa a ji a ƙungiyar. Ya sami Nadabo a rumfarsa ya gaya masa ba ɓoye-ɓoye: jama'a sun gaji da shan dariya, idan bana ma aka tashi hannu biyu, za a ba wani riƙon yaran. Nadabo ya ce ya ji. Bai yi gardama ba, don yana da abin da ya ɓoye a ransa.

Ku saurara ku ji abin da ya ɓoye. A bayan gari, wajen kududdufin da ake buga tubali, akwai wani saurayi baƙo mai suna Bawale, bai daɗe da zuwa wajen kawunsa ba. Da yamma masu tubali sukan ɗan taɓa ƙwallo ba takalmi, Nadabo kuwa ya sha tsayawa da kekensa yana kallo kamar mai hutawa. Shi idan zai auna ɗan gefe, wato mai gudu da ƙwallo ta bakin layi, ba ya kallon gudunsa na farkon wasa, ya ce wannan ko ni zan yi. Gudun ƙarshen wasa yake kallo, lokacin da harshe ya fito. Yana duba ko yaro yana ɗaga kai kafin ya bugo ƙwallo tsakiya, ko kuwa bugawa kawai yake ba tare da ya duba ba. Yana duba ko idan an ƙwace masa yana komowa baya ya taimaka, ko tsayawa yake ya riƙe ƙugu. Bawale ya cika duk waɗannan, ga shi ƙafa biyu duk nasa ne. Kuma babu wanda ya san da shi a cikin gari.

Aka ja tsinke. Nadabo ya zo na biyu. Na ɗaya ya faɗa hannun Lawandi, wani matashi da ya gaji ƙungiya a wajen mahaifinsa da ya rasu a daminar nan, marigayin kuwa aminin Nadabo ne. Nadabo ya koma gida ransa fari ƙal, don duk gari an san wanda za a fara ɗauka, wani Sagiru ne, gwanin yanke 'yan wasa da ƙwallo, wanda idan ya taɓa ƙwallo 'yan kallo suke ihu. Lawandi ya ɗauki Sagiru, shi ya ɗauki Bawale, shi ke nan magana ta ƙare.

Ana nan sai ga Lawandi a rumfar faci da hantsi. Ya durƙusa ya gaishe shi, ya yi ta kame-kame, can dai ya ce shi bai san kan abin nan ba, kuma yana tsoron ya kunyata sunan mahaifinsa a shekararsa ta farko.

Ya ce, "Baba, ba ni da wanda zan tambaya sai kai. Tsakaninka da Allah, da kai ne ni, wa za ka fara ɗauka?"

Jama'a, ku lura da wurin nan, don nan ne jarrabawar take. Nadabo ba ya bukatar ya yi ƙarya. Ko kaɗan. Ya ce Sagiru gwani ne, gaskiya ne. Ya ce duk gari Sagiru suke so, gaskiya ne. Ya jera gaskiya kan gaskiya har yaron nan ya tashi yana godiya, ya tafi ya faɗa rami. Wa zai kama shi? Babu. Wallahi ni da nake ba ku labarin nan ban san abin da zan yi ba da ni ne.

Nadabo ya daɗe yana murza tayar da ke hannunsa cikin ruwa, yana neman hujin da ya riga ya gani tun ɗazu. Yarana, yake ta faɗi a ransa, yarana. Sai ya ɗago ya dubi Lawandi, ya ga maraya ne ya durƙusa a gabansa ya miƙa masa wuya. Ya ajiye tayar ya goge hannu.

Ya ce, "Sagiru zai ba ka daɗin kallo, amma kafin a je hutu ya gaji, kuma ba ya komowa baya. Ka je bakin kududdufi da la'asar, ka tambayi wani Bawale. Ka tsaya har su tashi, kada ka tafi da wuri."

Ranar zaɓe, da aka ce Lawandi ya fara, ya kira sunan Bawale, fili ya ɗauki surutu, ana wane ne kuma wannan. Nadabo ya ɗauki Sagiru, tunda shi ne mafi kyau a cikin waɗanda suka rage. Labari bai ɓoyu ba, Lawandi da kansa ya riƙa yabon Baba Nadabo a majalisa. Maikano ya zo rumfa kamar zai tashi sama, ya ce wane irin sakarci ne wannan, mutum ya ga abinci ya kira maƙwabci ya cinye. Nadabo ya ba shi haƙuri.

Na san abin da kuke jira. Kuna jira in ce Allah ya dubi zuciyarsa ya ba shi kofi. To, ba haka aka yi ba. Ƙungiyoyin nan biyu su suka haɗu a wasan ƙarshe. Yaran Nadabo sun yi iya yinsu, an kai dab da tashi babu ci. Sagiru ya riƙe ƙugu yana haki. Sai Bawale ya ɗauko ƙwallo tun daga baya, ya bi layi da ita kamar yanzu aka fara wasa, ya ɗaga kai, ya bugo ta tsakiya, wani ya sa mata kai. Daidai abin da Nadabo ya hango a bakin kududdufi, shi aka yi masa a gaban idonsa. Ya zauna a ƙasa, dattijo da shi, hawaye yana bin gemunsa.

Maikano ya cika maganarsa, aka ba wani ƙungiyar. Sai a lokacin Lawandi ya ji sharaɗin da aka gindaya wa Nadabo tun farko. Ya zo rumfa, ya kasa haɗa ido da shi.

Ya ce, "Baba, da na san abin da ke kanka ke nan, wallahi da ban tambaye ka ba."

Nadabo ya ce, "Ni ma da ba ka tambaye ni ba da na fi jin daɗi, ɗana. Amma ka tambaya."

Bai sake riƙe ƙungiya ba har ya koma ga Mahaliccinsa. Duk shekara a bayan igiyar da ake kewaye fili da ita yake tsayawa cikin 'yan kallo, kuma abin yana yi masa ciwo, bai taɓa ɓoyewa ba.

To jama'a, abin da nake so ku tafi da shi gida ke nan: shawara amana ce. Wanda ya ce maka "me ka gani?" ya cire idonsa ya ɗora naka. Kuma amanar ba a gane mai riƙe ta sai ranar da abin da ake tambayarsa shi ma yana so. Ɗan'uwanka zai tambaye ka rumfar da zai kama a kasuwa alhali kai ma ka sa mata ido. Zai tambaye ka gonar da zai saya, ko aikin da zai nema, kai kuma ka riga ka kai takardunka. Da yawanmu ba ma yin ƙarya, a'a, mun fi ƙarfin wannan, gaskiyar muke tsincewa mu ba shi wadda za ta kau da shi daga hanyarmu, mu zo mu tsaya a sahun gaba. Idan ba za ka iya ba, ka ce masa ni ma ina ciki, nemi wani. Idan kuwa ka buɗe baki, ka ba shi abin da za ka ba kanka, ko da za a raba ka da abin da ka fi so. Ba na yi muku alkawarin kofi a nan duniya, Nadabo ma bai samu ba. Allah ya ba mu ikon riƙe amana, ya jiƙan magabatanmu.