Gwangwanin Maɓallai

"Ciki ne, na ce maka ciki ne," in ji Goggo. "Haka na kumbura lokacin da nake ɗauke da kai, sai da aka cire ƙyauren ɗaki."

"Goggo, ciki ne ke sa zuciya gudu kamar keken ɗinki?" in ji ɗanta.

Wadda ake musun a kanta, matarsa ce, tela, tana jingine a ƙofar shagonta da bokiti a gaba saboda tashin zuciya. Ƙafafunta sun ƙi shiga silifas, fuska ta yi suntum, zobe ya nutse a yatsa. A ranta ta san in aka bar uwa da ɗa su gama, a kan bencin nan za ta cika. Da ƙyar ta ce a kai ta wurin Malam.

Shi kuwa Malam, Allah Ya ƙara masa yarda, kogin ilimi ne, mai tsentseni da zuhudu, wanda harshensa ba ya bushewa da ambaton Ubangijinsa, har ma'abota surutu irin Goggo sukan manta inda suka ajiye bakinsu in sun zo gabansa. Suka same shi tsakanin littattafansa, kansa a sunkuye, bai tambayi kowa abin da ke tafe da su ba.

"'Yata," ya ce a hankali, "gwangwanin da ke ƙarƙashin kekenki, maɓallai ne kaɗai a ciki?"

A cikin gwangwanin nan ita da abokan ɗinkinta ke zuba ƙwayoyin kashe ciwo, in baya ya riƙe saboda taka keke sai a miƙa wa juna kamar alewa, safe da rana, ciki ba komai. Ko mijinta bai sani ba, Malam kuwa bai taɓa bin layin shagon ba.

Ya yi addu'a a kan kofin ruwa, ta kurɓa sau ɗaya, sai ta ji ƙirjin da ke dukan haƙarƙarinta ya lafa, zoben da sabulu da zare suka kasa cirewa ya zame ya faɗi kan shimfiɗa.

"Wannan sauƙin guzurin hanya ne," ya ce. "Ku ɗauki gwangwanin ku wuce asibiti, kada ku biya gida. Allah Ya ajiye waraka a hannun likita."

Likita ta gwada jini da fitsari, ta bayyana cewa amai da kumburi da saurin bugun zuciya kan zo daga zuciya ko hanta, ko hawan jinin mai juna biyu. A nan Goggo ta gyara zama. Amma na telar, in ji likita, ƙoda ce, ƙwayoyin sun gajiyar da ita, kuma da an ƙara jinkiri da sai dai wani labarin. Aka ba ta gado, kumburin ya sace a hankali, ta koma gida da ƙafarta.

Tsarki ya tabbata ga Wanda ke buɗe wa bayinsa na gari abin da ke ɓoye. Haka mijin ya yi ta faɗa yana hawaye, yana roƙon Allah Ya ɗaukaka darajar Malam Shehinmu, Ya yayyafa mana albarkarsa, mu da zuriyarmu.

"Amin," in ji Goggo. "Ni ma fa gwiwata ta hagu ta faɗa mini ƙoda ce, kunya ce ta hana ni riga Malam."