Ƙudan Zuman Soron Kaka

A zamanin da, tun ana auna arzikin mutum da yawan rumbunansa, an yi wani sarki da ake ce wa Jatau. Ba azzalumi ba ne, amma zuciya gare shi, kuma in ta tashi bakinsa yakan riga tunaninsa. A tsakiyar fadarsa akwai wani tsohon soro mai suna Soron Kaka, ginin kakan kakansa. A ciki ake naɗa sarki, a ciki ake yanke hukunci. Doka biyu aka gada game da shi: ba a shiga cikinsa da wuta, ba a kuma sa masa gatari.

Shekaru da dama kafin wannan labari, ƙudan zuma suka sami wata tsaga a gindin indararo, suka shige cikin kaurin bango, har suka yi gida uku. Ta waje suke fita, ta waje suke komowa, ba su taɓa harbin ko akuya ba. Mutane suka saba da gunjinsu har ba a jin sa.

To, Sarki yana da wani waziri, Ƙosau, mutum mai son a ce shi ya yi. Da aka ji jakadun wata ƙasa na tafe, sai ya ce abin kunya ne baƙi su tarar da ƙwari na zarya a kan soron sarauta. Ya kira Sarkin Magina, wani mutum mai sanyin hali ana ce masa Tunau, ya umarce shi a gaban fadawa ya hau ya toshe ramukan nan uku da laka. Tunau ya durƙusa ya ce, "Ranka ya daɗe, zuma in ka rufe masa ƙofar waje, ta ciki yake buɗewa." Waziri ya daka masa tsawa, ya ce ba shawara ya nema ba, in bai hau ba yau, gobe wani ne Sarkin Magina. Fadawa fiye da ashirin suna zaune, kowa ya ji da kunnensa. Tunau ya kwaɓa laka ya hau.

Kwana biyu soro ya yi tsit, Waziri yana ta hura hanci. Ranar Talata da hantsi, Sarki na zaune, jakadu sun faɗi suna gaisuwa, sai yaɓen da ke saman karaga ya zubo, ƙudan zuma suka ɓarko kamar an kwance bakin buhu. Fadawan nan da kullum suke rantsuwa za su mutu a gaban Sarki, su suka fara cika ƙofa, wani ma ya bar takalminsa da rawaninsa. Kafin dogarai su janye Sarki, an harbe shi a fuska ba adadi. Kafin azahar idanunsa biyu sun kumbura sun rufe ruf.

Sarki ya zauna a zaure yana huci, ba ya ganin komai, ya tambayi wanda ya taɓa ramukan. Waziri ya matso da murya mai laushi ya ce ai magini ne ya yi gaban kansa, shi ma sai labari ya ji. Sarki ya tambayi fadawa ko haka ne. Abin takaici, babu wanda ya ce uffan. Wani ya duƙufa yana gyara bakin riga, wani kuma tari ya kama shi. Aka jawo Tunau yana rantsuwa, Sarki bai bari ya kai aya ba, ya ce, "Hannun da ya kwaɓa lakar nan, ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci a sare shi." Sannan ya sa aka yi shela cewa duk wanda ya fitar da ƙwarin nan ba tare da ya karya dokar soro ba, ya faɗi abin da yake so.

Tunau yana da wani wa, Anaruwa, mai sana'ar zuma a bayan gari, inda yake rataye amya, wato gidan zuma na saƙar ciyawa, a kan itatuwan ɗorawa. Shi kuwa ba shi da sanyin ƙanensa ko kaɗan. Da labari ya iske shi ranar Laraba, ko riga bai canza ba ya nufi fada, ya tarar ana shawara. Waziri ne ke magana, yana cewa tunda wuta aka hana, ba a hana ruwa ba, a tafasa tukwane a hau sama a kwarara cikin ramukan.

Anaruwa ya faɗi ya yi gaisuwa a gajarce, ya ɗago ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wanda ya kawo wannan shawara ko dai bai san zuma ba, ko bai san gini ba, ko kuma ba ya ƙaunarka. Ruwan zafi a bangon ƙasa? In ƙwarin sun mutu, wa zai ɗebe zuman shekara goma da ke ciki? Zafin bazara ya narkar da shi, ya jiƙa tubali, tururuwa da gara su biyo baya. Kafin damina biyu soron kakanka ya durƙusa, kuma ko bai durƙusa ba, wasu ƙudan su ji ƙamshi su zo su gaji gidan."

Waziri ya ce a fitar da wannan baƙauye mara ladabi. Sarki ya ɗaga hannu ya ce a bar shi, ya tambaye shi to yaya za a yi. Anaruwa ya bayyana cewa zuma ba ya jin shela, kuma ba a korar sa, tashin sa ake yi da gidansa. Sai an zare tubalan ɗaya bayan ɗaya, a yanko saƙar da 'ya'yanta a jera cikin amya, a nemo uwarsu a sa ta ciki, sauran za su bi ta da kansu. Wuta kuwa a waje za ta tsaya, a cikin kasko, hayaƙin busasshen kashin shanu kawai za a hura ta cikin gora. Aka tambayi malamai, suka yi ta juya magana, daga ƙarshe suka ce doka wuta ta hana, ba ta ambaci hayaƙi ba, kuma zare tubali da hannu ba sara ba ne.

Sai Anaruwa ya ce saura abu ɗaya. Duk ƙasar nan mutum ɗaya ne ya san tubalin da ke ɗauke da azara da wanda ba ya ɗauke da komai, yana kuma kurkuku, aikin kuwa ba na mai hannu ɗaya ba ne. Sarki ya ce a ba shi aron Tunau, amma hukunci na nan yadda yake.

Anaruwa ya nemi izini ya shafa wa Sarki zuma da ƙasa mai sanyi a ido don kumburin ya sauka. Yana shafawa ya sunkuya ya raɗa masa, "Ƙanena bai yi ƙarya ba. Gobe kada ka nemi ido, hancinka ya ishe ka." Daga nan ya miƙe ya ɗaga murya don kowa ya ji. Ya ce zuma dabba ce mai riƙo, amma ba hannun da ya toshe mata ƙofa take riƙewa ba, bakin da ya ba da umarni take nema, ko cikin mutum dubu za ta gane shi. Abu ɗaya ne ke ɓatar da ita, turare, musamman jibda. Saboda haka gobe kowa ya yi wanka da ruwa zalla ya zo, kada wanda ya shafa komai. Sarki ya ce haka za a yi, kuma duk wanda bai zo ba ya tuhumi kansa.

Duk wannan ƙarya ce Anaruwa ya shirga, zuma ba ta san baki ba, ba ta san umarni ba. Abin da duk mai sana'ar ya sani shi ne babu abin da ke tunzura ta irin ƙamshi mai ƙarfi.

Ranar Alhamis da sanyin safiya aka taru a gaban soro, Sarki a tsakiya, manyan fada a jere kusa da shi. Tunau ya hau tsani, sarƙa na ƙafarsa, ya fara zare tubali a hankali yana miƙowa ƙasa, wansa na hura hayaƙi. Da bango ya buɗe sai ga saƙa jere-jere, wata baƙa ƙirin don tsufa, wata fara sol, tsawonta ya fi kamu uku. Ƙudan suka lulluɓe hannun Tunau har gwiwar hannu, amma hayaƙi ya kwantar da su, ɗaya biyu kawai suka harbe shi.

Can sai Sarki ya ɗaga kai ya shaƙi iska, ya sake shaƙa. Ya juya ɓangaren damansa ya ce, "Wa ke warin jibda a nan?"  Waziri Ƙosau ya kwana da tsoro, ya shafe ƙeyarsa da hammatarsa da jibda, ya naɗa rawani a kai yana zaton ya ɓoye. Kafin ya haɗa wata ƙaryar, ƙwarin da hayaƙi bai kai gare su ba suka sauko, suka wuce kowa suka dira a kansa. Ya fizge rawani, ƙamshi ya ƙara tashi, suka ƙara yawa. Ya faɗi yana birgima cikin babbar riga yana ihu, "Ni ne na ce a toshe, ni ne, ku kore su!" Anaruwa ya dube shi ya ɗan jima kafin ya juyo da gorar hayaƙi wajensa.

Sarki ya fusata. Ya ce a kwance sarƙar magini yanzun nan, a tuɓe Ƙosau, a fitar da shi ta ƙofar yamma da rigar da ke jikinsa, kada ya sake shan ruwan ƙasar. Fadawa suka ɗauki "gaskiya ne, Zaki, ƙaiƙayi koma kan masheƙiya," kamar ba su ne suka haɗiye harshensu shekaranjiya ba.

Kwana uku aka yi ana aikin. Aka kwashe gida uku cikin amya uku, kowace da uwarta, aka kankare bango har ba ɗigon zuma, aka wanke shi da ruwan toka. A rana ta uku idon Sarki ya buɗe, ya sa aka kawo wa Anaruwa doki da alkyabba, ya ce ya faɗi bukatarsa. Anaruwa ya ce doki ba ya hawa ɗorawa, a mayar. Sannan ya nuna fadawa da yatsa ya ce, "Waziri baki ɗaya gare shi, ya yi ƙarya da shi. Waɗannan bakuna ashirin gare su, suka bari a sare hannun mutum. Amya ba ta zama kusa, in ba a kai ta tafiyar rabin yini ba ƙwarin za su komo gida. Su nake so su ɗauka, a ka, babu gammo."

Haka kuwa aka yi. Mutanen gari suka fito bakin hanya suna kallon manyan riguna na karɓa-karɓa da amya tana gunji a kansu, suna tafe sannu-sannu kamar masu ɗauke da ƙwai, ba mai ikon ko goge gumi.

Da aka watse, Sarki ya kira Tunau ya ce ya miƙo hannunsa, yana nufin ya riƙe shi ya nemi gafara. Tunau ya fara miƙawa, sai ya janye hannun ya cusa cikin riga, ya kasa. Sarki ya sunkuyar da kai.

Tunau ya hau ya mayar da kowane tubali inda ya zaro shi, ya yaɓe. Da ya zo ƙarshe, daidai saman karaga, inda mai yanke hukunci ba zai ɗaga kai bai gani ba, sai ya danna tafin hannunsa na dama cikin ɗanyen yaɓe, yatsu biyar cif. Magina suka ce a shafe. Sarki Jatau ya ce duk wanda ya shafe shi ba ɗansa ba ne, ba kuma jikansa ba. Iyakar abin da ya iso kunnena ke nan.