Turancin Baba Masinja

Wani ɓangare na labarin nan ya kuɓuce mini. Na manta ko da damina aka yi ko da rani, na manta har launin ƙofar gidan, ni da na sha zama a bakinta. Tsufa ke nan, yana kwashe ƙananan abubuwa ya bar maka masu nauyi. Abin da ya rage shi zan faɗa.

Akwai wani dattijo a layinmu da ake kira Baba Masinja. Ya yi shekaru yana kai takardu daga ofis zuwa ofis, a nan ya tsinci Turanci, kalma nan kalma can, a bakin ƙofofin manya. Mutumin kirki ne, ba ya rowa, ba ya faɗa. Aibinsa ɗaya ne: bai yarda akwai wanda ya fi shi Turanci ba. Ko mai gyaran rediyo ne ya gaishe shi, da Turanci yake amsawa. Da yake babu mai iya kama kuskurensa a layin, sai ya ɗauka babu kuskuren.

'Yarsa ta ƙarshe, wadda kowa ke kira Auta, ta dawo gida da yara biyu bayan rasuwar mijinta. Dangin mijin suka ce sun ba ta lokaci: in ta sami abin riƙe yaran, ta riƙe su, in ba ta samu ba, za su zo su ɗauka. Ana cikin haka ta ji wani asibitin ido zai ɗauki mai karɓar baƙi, amma sai an gwada mutum da Turancin baka. Ta shiga ajin manya na yamma. Malamar ajin ta fara su da darasin faɗin abin da mutum ya saba yi kullum: ina tashi da asuba, muna share ɗaki, yana zuwa aiki.

Wata safiya Auta na wanki a tsakar gida tana maimaita darasin, Baba na kan kujerarsa yana sauraro.

"Auta, sake faɗa in ji."

Ta sake.

"Ina wutsiyar?"

"Wace wutsiya, Baba?"

"Wannan s ɗin da ake ja a ƙarshen kalma."

"Malama ta ce sai in ana maganar shi ko ita ake sa shi. In ni ce, ko mu ne, ba a sawa."

"Malama ta ce! Yaushe aka haifi malamar? Ni da kunnena na ji manyan daraktoci suna magana. Wutsiyar nan ita ce nauyin zance. Mai mutunci yana sa wa kansa, yana sa wa kowa. Turanci babu wutsiya ai na 'yan tasha ne."

Inna, matarsa, ta leƙo daga kicin. "Malam, ka bar yarinya da karatunta. Kai fa takarda ka kai, ba kai ka rubuta ba."

Maganar ta soke shi. Daga ranar ya buɗe nasa ajin. Kowace safiya sai Auta ta durƙusa gabansa ta karanto masa aikinta na kullum, yana gyarawa. Ita kuwa ba ta da amsa sai "To, Baba." A gabansa ta riƙa sa wutsiya a kowace kalma, shi kuma yana gyaɗa kai, yana gaya wa maƙwabta cewa ya ceto 'yarsa daga hannun yara.

Ranar gwaji ya sa tsohon kwat ɗinsa na aiki ya ce zai raka ta.

"Baba, da ka huta, rana ta yi."

"In huta? Wa zai nuna musu gidan da kika fito?"

Ofishin ƙarami ne: tebur ɗaya, fanka tana juyi, wata mata mai tabarau da wani matashi suna zaune. Baba ya bi Auta har ciki. Ganin furfurarsa, suka kasa cewa ya fita, suka ba shi kujera a kusurwa. Kafin ya zauna ya yi musu doguwar gaisuwa da Turancinsa, ya ƙara da cewa shi ne malamin yarinyar. Matashin ya sunkuyar da kai yana cizon leɓe. Baba ya ɗauka ladabi ne. Auta kuwa ta ga dariyar da ake dannewa.

Matar ta ce, "Gaya mana abin da kike yi kullum, daga safe zuwa yamma."

Auta ta fara. Jimlar farko ta fita tsaf, yadda malama ta koyar. Sai Baba ya yi gyaran murya, ya ɗaga yatsa, ya fara miƙewa zai gyara mata. Ta waiwaya ta dube shi. Ta san in ya buɗe baki, dariyar nan ba za ta ƙara dannuwa ba, kuma a gabanta za a yi wa mahaifinta ita. Ta koma farko, ta sa wutsiya. Ta sa a ta biyu, ta sa a ta uku, har ta gama. Baba ya koma ya zauna yana murmushi.

"Za mu neme ki," in ji matar.

Ba su neme ta ba. Baba ya zagaye layin yana cewa asibitin ya cika da yara marasa jin Turanci. Bayan ɗan lokaci wan mijin ya zo da mota. Auta ta ɗaure kayan yaran da hannunta, ta sa ƙaramin a kujerar baya yana riƙe da gefen mayafinta, sai da ta ɓamɓare yatsunsa ɗaya bayan ɗaya. Inna ta shige ɗaki ta rufo ƙofa. Baba ya tsaya a bakin titi yana ɗaga wa jikokinsa hannu, yana yi musu ban kwana da Turanci.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, girman kai ba mai shi kaɗai yake ci ba. Sau da yawa wanda ya fi ganin girmanka shi yake ɗaukar asarar, kuma a shiru, don ba zai iya kunyata ka ba. In ka san abu rabi, ka ce rabi ka sani. In na ƙasa da kai ya zo da abin da ya koyo, ka saurara kafin ka gyara, kada kuma ka ɗauki "to" ɗin ɗanka a matsayin shaidar cewa kai ne da gaskiya. Wannan dai ban manta ba, domin daga baya na je da ƙafata na tambayi malamar ajin, ta kuma tabbatar mini: a duk ɗalibanta na shekarar, Auta ce kaɗai ba ta taɓa kuskure a wannan darasin ba.