Mayafi na Ashirin

To, ku gyara zama. Kai mai danna waya, sa ta a aljihu, ba guduwa za ta yi ba. Labarin nan ba ni da ƙarshensa, ku za ku sa masa, kuma na san sai kun yi ta musu har a kira magariba.

Akwai wani gandun daji na jiha, can kudu da mu, ana ce masa Kwarin Gauraka. Mutane kan je daga birane, ɗalibai da ƙungiyoyi, ma'aikatan gandun su shiga da su daji a ƙafa, su nuna musu sawun giwa, su faɗa musu sunan itace da na tsuntsu, su fito da su lafiya. Shugaban masu wannan yawo shi ne Baba Nomau. Shekara talatin da ɗaya yana shiga da baƙi, ko ɗaya bai taɓa ɓace masa ba. Yana da wata sandar gora mai bakin ƙarfe da ya gada daga wanda ya riga shi. A cikin daji, mai riƙe da sandar nan shi ke da maganar ƙarshe: in ya ce a tsaya a tsaya, in ya ce a juya a juya, ko da kwamishina ne a cikin ayarin. To, gwiwa ta fara cin amanarsa, takardar ritaya ta zo, saura kwana bakwai. Sanda guda ce, na ƙarƙashinsa kuwa su uku ne, abin da ya hana shi sakat ke nan.

Na farko Cindo. Tsohon maharbi ne, Baba Nomau da kansa ya taɓa kama shi da tarko a cikin gandun, maimakon ya kai shi gaban alƙali sai ya nema masa kaki. Shi ke shiga gaba. Sai ya wuni bai yi magana goma ba, amma in ya kalli ƙasa zai gaya maka abin da ya wuce, da lokacin da ya wuce, da ko a ƙoshe yake.

Ta biyu Tabawa, wadda ta yi karatun aikin a makaranta. Ita ke tafiya a tsakiyar baƙi tana yi musu bayani. Kai, yarinyar nan akwai baki! In ta kwaikwayi kukan burtu sai ka waiga kana nemansa. Ga ta da jan mutane da hira, kafin a fito daga daji ta san sunan kowa da na jikokinsa.

Na uku Dogara, ƙato ne, in ya tsaya a ƙofa sai ɗaki ya yi duhu. Shi ke zuwa ƙarshe. Aikinsa biyu ne kacal: kada kowa ya kasance a bayansa, kuma duk inda aka huta sai ya ƙirga baƙi kafin a tashi.

Ran nan, ana tsakiyar bazara, sai ga mota ta kawo matan wata makarantar yaƙi da jahilci, sun gama ajin ƙarshe an kawo su buɗe ido. Kun san mata da anko. Kowacce ta sha atamfa iri ɗaya, ga mayafi ruwan goro, daga nesa ba ka bambance yarinya da tsohuwa. Mayafi ashirin aka yanka, amma ɗaya 'yarta ta haihu ba ta samu zuwa ba, saboda haka su goma sha tara ne. Babbarsu wata 'yar tsamurarriyar tsohuwa ce, Inna Gwamma, ta haura saba'in. Baba Nomau ya ce wa mutanensa, "Yau ni ɗan kallo ne, ku yi aikinku." A ransa kuwa ya ƙudura cewa a yau zai ga wanda zai ba sandar.

Aka shiga da hantsi. Ba a yi nisa ba Cindo ya ga sawun giwaye na safiyar nan sun yi gabas. Ya ga matan nan ba lallai su sake zuwa ba har abada, sai ya bar hanyar da aka saba, don su ga giwayen, ya bi da su ta gefen wani tsohon kufai, inda wani ƙauye yake kafin gwamnati ta tashe shi ta yi gandu. Ba a bin wajen da baƙi. Baba Nomau ya gani, ya yi shiru.

Aka huta a gindin wata ɗorawa. Tabawa ta yi musu kukan burtu, mata suka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ɗaya ta ce, "Wallahi 'yar nan tamu ce, ina mayafin nan da ya yi saura?" Suka yi mata caa, wannan ta yafa mata, wannan ta gyara mata, ana guɗa ana tafi. Doka ta ce ma'aikaci ba ya rufe kakinsa a daji, amma wa zai iya mayar wa iyaye kyauta a gaban idonsu? Ta bar shi a jikinta. Baba Nomau ma dariya ya yi.

Da za a tashi Dogara ya ƙirga daga baya, yadda ya saba. Mayafi goma sha tara. Aka sake hutawa a bakin rafi, goma sha tara. A gindin kuka, goma sha tara. Sai da aka dawo wajen mota, azahar ta kusa, rana kamar ta fasa kai, Tabawa ta cire mayafin tana ninkewa, Dogara ya ƙirga ya samu goma sha takwas. Ya sake. Ya dubi mayafin da ke hannun Tabawa, sai ya ɗora hannu a ka yana salati. Inna Gwamma ce babu.

Ku dubi halin da Baba Nomau ya shiga. Saura kwana bakwai! Tsohuwa ba ruwa a hannunta, tun a hutun farko ta sulale, ba wanda ya san inda ta nufa, ga daji ya fi ƙarfin a ce za a bi shi lungu-lungu. Tsoro ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. Ya bar sauran matan a rumfa tare da malamarsu da direba, ya ɗauki bindiga.

Tabawa ce ta ce a dakata. Ta ce tun da safe da ta nuna wani tsuntsu ta faɗi sunansa, tsohuwar ta gyara mata, ta ce su a garinsu ba haka suke ce masa ba. Ta tambaye ta, "Inna, ina ne garin naku?" Sai tsohuwar ta jawo hannunta ta ce, "'Yata, tsamiyar nan mai rassa biyu tun daga tushe, tana nan kuwa?" A lokacin Tabawa ta ɗauka hira ce. Yanzu ta ce, "Baba, tsamiya irin wannan guda ce a gandun nan, tana bayan kufai. 'Yar garin ce. Gida ta tafi." Ba don wannan magana ba, da bakin rafi za su nufa, don duk mai hankali zai ce mai jin ƙishi ruwa zai bi.

To, sanin inda mutum ya nufa daban, sanin inda ya bi daban. Shekara sittin daji ya cinye hanyoyin garin, kufan kuma fako ne, ƙasa tauri kamar daɓen ɗaki. Nan Cindo ya durƙusa. Ɗan tsakuwa da aka juya cikinsa sama, karan ciyawa da ya kwanta, zare ɗaya ruwan goro a jikin ƙaya, haka ya yi ta binta. Baba Nomau, duk da shekarunsa a dajin, rabin abin da Cindo ke nunawa bai gani ba. Suna cikin tafiya Cindo ya ɗaga hannu, kowa ya ƙame. Kukan carki ya ji, tsuntsun nan da ke bin shanu, a gandu kuwa babu saniya. Ya ciro ƙullin toka daga aljihu, ya saki kaɗan, ya ga inda iska ta kai ta. Ya raɗa musu, "Ɓauna ce. In muka miƙe za ta ji warinmu." Ya zagaya da su ta cikin wani kwazazzabo, suna rarrafe, har suka ɓullo ta inda iska ke busowa fuskarsu.

Ga tsamiya, ga Inna Gwamma a zaune ta jingina da ita, leɓɓanta sun bushe, ko motsi ba ta yi. Taku goma sha biyu daga inda take, ga ɓauna mai jego a tsaye da ɗanta a ƙarƙashinta, ta sunkuyar da kai tana huci tana tonon ƙasa. Baba Nomau ya ɗaga bindiga, ya sauke. In ya harba ya kuskure, tsohuwar na bayanta. In ya harba sama, wa ya san inda za ta nufa? 

Dogara bai nemi izinin kowa ba. Ya fizge mayafin nan daga hannun Tabawa, don a ruɗe har nan ta zo da shi, ya zagaya can gefe, ya fito fili yana kaɗa shi yana ihu. Ɓauna ta juya ta yi kansa. In ba ku taɓa ganin gudun ɓauna ba, Allah kada ya nuna muku. Ya ja ta nesa da tsamiyar, ya kai ga wani marke ya kama reshe, amma kafin ya ɗauke ƙafa ƙaho ya same shi a sha-raɓa ya tsarge. A wannan tsakani Cindo da Tabawa suka sungumi tsohuwar suka faɗa kwazazzabo da ita. Sannan Baba Nomau ya harba sama, ɓauna ta koma ga ɗanta, suka shige kurmi.

Aka jiƙa mata maƙoshi kaɗan-kaɗan har ta dawo hayyacinta. Baba Nomau yana so ya yi faɗa, faɗan ya ƙi fitowa. Ya ce, "Haba Yaya, me ya kai ki?" Ta ce, "Ƙanena, kabarin uwata na gabas da tsamiyar nan. Ina 'yar shekara goma sha biyu aka ɗora mu a mota, watanta biyu a ƙasa. Karatun nan da na shiga da tsufana, don na ji an ce masu gamawa ana kawo su nan ne. Na san in na roƙe ku doka za ku karanta mini." Ta ce ta samu ta yi mata addu'a kafin ɓaunar ta iso, kuma ba ta ji haushin dabbar ba, ita ma ɗanta take tsaro. Sai ta dubi ƙafar Dogara da aka ɗaure da mayafi, ta fashe da kuka tana cewa su yafe mata.

Ranar da kwana bakwai suka cika, Baba Nomau ya kira su ukun gindin maɗacin da ke ƙofar ofis. Dogara da sandar asibiti ya zo, likita ya ce zai taka amma ɗingishin ya zauna. Tsohon ya ajiye gorar a kan tabarma ya ce laifin farko nasa ne, ya ga an sauya hanya, ya ga an rufe kaki, ya yi shiru. Cindo ya ce shi ya kai tsohuwar ƙofar gidansu. Tabawa ta ce ita ta lalata ƙirga. Dogara ya ce shi aka ba amanar mutane ya tsaya ƙirga tsumma. Ba wanda ya miƙa hannu.

Baba Nomau ya yi ta kallonsu. Ba don Tabawa ta saurari tsohuwa ba, da a bakin rafi za su wuni. Cindo kuma, ba dominsa ba, ko su kasa samunta ko su tura mata ɓaunar da warin jikinsu. Da duk wannan, gawarta za su ɗauko in da Dogara bai ba da ƙafarsa ba. Kowannensu da hannunsa a ɓatan nata, kuma duk wanda aka ba, sauran biyun za su yi ta bin maganarsa a daji har su ma su tsufa. Ga shi washegari da safe motar ɗalibai arba'in na tafe, ba kuma a shiga da baƙi sai wani na riƙe da sandar.

Ni dai a nan aka bar ni, sanda na kan tabarma. To, ku da kuka iya gyara wa kowa zance, in kai ne Baba Nomau, a hannun wa za ka danƙa ta?